Wata Biyar a Zangon Nima

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, wato da rana ta ɗaga sai a neme shi a rasa. Wannan magana gaskiya ce ga matafiyin da ke kwana biyu ko uku a gari ya ƙara gaba. To amma akwai wani irin baƙo da karin maganar ba ta yi bayaninsa ba, shi ne wanda ya sauke kaya da niyyar ya ɗan huta, sai kwana ya zama mako, mako ya zama wata, har mai koko ta daina tambayarsa na nawa za a zuba masa domin ta riga ta sani. Irin wannan baƙunci na yi a babban birnin ƙasar Gana a shekarar 2018, kuma shi nake so in ɗan gutsura wa 'yan uwana ɗalibai, musamman da yake abin ya shafi harshen da muke nazari da kuma mutanen da suka kai shi can.

Kafin in yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa birnin da ake rubutawa Accra, Hausawan can da tsofaffin fatakenmu Ankara suke ce masa, daga Nkran, sunan da Tonawa, wato mutanen Ashanti, da danginsu ke kiran garin da shi. Saboda haka duk inda na ce Ankara a wannan rubutu, kada hankali ya tafi ƙasar Turkiyya.

Yadda Na Faɗa Ankara

Ni tela ne tun ina yaro, a shagon kawuna na koya a Tudun Wadan Zariya. Da na gama sakandare na yi shekara biyu ina neman gurbin shiga jami'a ban dace ba, har zaman ya ishe ni. A watan Oktoba na 2017 na nemi iznin mahaifiyata, ta sa mini albarka ba don ranta ya so ba, na ɗauki jaka ɗaya da almakashi da tef ɗin awo da fasfo na kama hanya. Yarjejeniyar da ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka sa wa hannu a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa a cikinsu damar shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba, kuma a lokacin Nijar da Burkina Faso suna cikin ƙungiyar, sai a Janairun 2025 suka fice tare da Mali. Na bi ta Katsina da Maraɗi da Birnin Ƙonni da Dosso na isa Yamai, daga nan na wuce Wagadugu, na tsallaka iyaka a Paga na shiga Gana. Na sauka a Tamale, na ratse zuwa Salaga domin in ga garin da kakanninmu ke nufi idan sun ce za su Gwanja sayen goro, sannan na gangara Kumasi.

Dabarar tafiyar tawa guda ce. Duk garin da na shiga sai in tambayi unguwar Hausawa, in yi salla a masallacinsu, in tambayi shagon tela. In yi aiki na mako ɗaya ko biyu, da kuɗin mota sun taru in yi sallama. A wata shida na farko babu inda na wuce mako uku. Haka na yi niyyar yi a Ankara da na isa a watan Afrilu, sai zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni, 'yan kuɗin da na taro a Kumasi suka tafi a magani. Da na miƙe, wani Alhaji mai shagon ɗinki a unguwar Nima, wanda tun ranar farko ya bar ni ina kwana a shagonsa, ya dube ni ya ce, "Kai ɗan Najeriya, ina za ka ga azumi a bakin ƙofa? Ka zauna mu yi Sallah, ga keke nan babu mai hawa."

Na ce, "To Alhaji, na gode. Ana idar da Sallah zan wuce."

Garin Mai Wucewa da Garin Mazauni

A makonni biyu na farko na yi abin da kowane baƙo ke yi. Na je na ga kabarin Kwame Nkrumah, wanda ya karɓar wa ƙasar 'yanci a 1957. Na ga filin 'yancin kai da ke bakin teku, na ga tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa a Jamestown, na kutsa kasuwar Makola har na ɓata. Na tsaya a Kanda, daf da Nima, na kalli ƙaton masallacin da Turkawa ke ginawa, wanda ba a buɗe shi ba sai a 2021. Da na gama wannan zagaye babu sauran wurin kallo da ya rage mini, kuma a nan ne na fara sanin garin.

Abu na farko da ya fara koya mini hankali shi ne wurin kwana. A Ankara masu gidaje kan nemi kuɗin hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, duk da cewa dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da na wata shida. Matafiyi irina ba shi da wannan ƙarfi. Abin da ya cece ni shi ne tsohuwar al'adar nan ta maigida da baƙo: Alhaji ya tsaya mini, ya kai ni gidan wani dattijo, aka ba ni wani ɗan ɗaki kusa da zaure ina biya wata-wata. Gidan na haya ne mai ɗakuna da yawa, babu makewayi a ciki. Wanka da kuɗi, ban-ɗaki da kuɗi, ruwa a jarka da kuɗi. Mai wucewa ba ya sanin cewa sai ya ware wa waɗannan abubuwa kasonsu kafin ya yi lissafin abinci.

Sai kuma motocin haya da ake kira torotoro, sunan da aka ce ya samo asali daga tsohon kuɗin nan da iyayenmu ke kira taro, domin shi ake biya a da. Yaron mota yana leƙo da hannu ta taga yana nuna inda za su. In ya juya yatsa kamar mai dama fura, shataletalen Kwame Nkrumah za su, wanda kowa ke kira Sakul. Ranar da na tsaya a bakin titi na juya nawa yatsan mota ta tsaya ba tare da na buɗe baki ba, na ji a raina cewa na rage baƙunta.

Damina ta sauka sosai a watan Yuni. Da hadari ya haɗo sai in ga fuskokin mutane sun sauya, ana ta kwashe kaya daga bakin babbar kwatar da ta ratsa Nima. Da na tambaya aka ba ni labarin daren 3 ga Yuni, 2015, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai da ke Sakul, inda mutane suka fake wa ruwa, fiye da mutum 150 suka rasu. A shagonmu akwai wanda ƙanensa yana cikinsu. Na sha wucewa ta wurin a kwanakin yawon kallo ban san komai ba. Lallai baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Haka kuma a tsakanin Mayu da Yuni masu ƙasar, wato ƙabilar Ga, kan hana kaɗe-kaɗe da hayaniya na kimanin wata guda kafin bikinsu na Homowo, kuma hanin yakan shafi lasifikokin waje na coci-coci da masallatai. Wannan ya tuna mini cewa duk cikar Nima da yadda Hausa ke tashi a cikinta, ƙasar tana da masu ita, kuma zaman lafiyar zango ya dogara ga sanin haka.

Hausar Zango

A matsayina na wanda yanzu yake nazarin harshe, babu abin da nake tunawa kamar Hausar da na ji a can. Mazauna Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama ba duka ba ne Hausawa. Akwai Dagwamba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli da Fulani da Yarabawa da Wangarawa, amma Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da masallaci da wajen biki. Yaro zai yi Hausa a gida, ya yi Ga ko harshen Tonawa a titi, ya yi Turanci a makaranta.

Wannan Hausa da masana ke kira Gananci tana da siffofinta. Ba ta cika bambanta namiji da mace ba, za ka ji an ce "Amina ya zo" ko "matanshi ya tafi kasuwa". Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sukan koma b da d da k a bakin da yawa daga cikinsu. Sautin ky kan koma c, ka ji an ce abu ya yi "cau" maimakon kyau. Ni da na fito daga Zazzau, inda mu ma mukan ce "riganshi" da "motan", abin bai zo mini da baƙunta sosai ba, sai ma ya nuna mini cewa hanyar da Gananci ya bi hanya ce da wasu kare-karen harshen na gida suka fara takawa.

Su ma sukan yi wa tawa Hausar dariya. Yaran shago kan ce ina magana kamar rediyo, su sa ni in maimaita "ƙarƙashin ƙasa" suna ƙyaƙyatawa. Amma in an zo rubuta katin biki ko za a yi wa wani babban baƙo jawabi, ni ake nema.

Bugu da ƙari, harshen ya bar sawunsa a bakin sauran 'yan ƙasar ta hanyar abinci. Shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi ita ce ake kira wace a duk faɗin Gana, daga kalmar wake. Koko da ƙosai da fura da tuwon zafi duk da sunayensu na Hausa ake sayar da su. Matan da ke dakon kaya a kasuwa kuwa ana ce musu kayaye, wato an haɗa kalmarmu ta kaya da kalmar Ga mai nufin mata. Hatta rundunar sojan ƙasar ta zamanin mulkin mallaka, takenta da Hausa yake: "Kullum Shiri", domin da Hausawa Turawan Ingila suka fara kafa ta, kuma sun yi amfani da su a yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874.

Wannan ya kai ni ga kalmar zango kanta. A wurinmu zango wuri ne da ayari ke yada kaya ya kwana, gobe ya tashi. A Gana kuwa zango unguwa ce mai masallatai da makarantu da sarakuna da maƙabarta. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake da malamai suka watsu zuwa Kumasi da Kete-Krachi da Ankara. Cikinsu har da Malam Umaru, haifaffen Kano, shahararren marubucin nan da Larabci da ajami wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Sabon Zango na Ankara Malam Baƙo ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 20, Nima kuma ta taso a shekarun 1930. Ashe duk unguwar da nake zaune a ciki matafiya ne suka gina ta, waɗanda hutawarsu ta yi tsawo.

Baba Mai Gida

Dattijon da nake zaune a gidansa kowa Baba yake ce masa. Ranar da aka kai ni ya tambayi garinmu, da na ce Zariya sai ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ashe bawana aka kawo mini. Shigo Bazazzagi." A nan na gane Bakano ne, domin wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi ba ya tsufa. Hausarsa tana nan garau da ƙa da ɗa, ba kamar ta 'ya'yansa da jikokinsa ba. Kusan kullum bayan sallar isha'i sai ya kira ni zaure mu yi hira, ya ce yana so ne ya ji maganar gida.

A hankali na haɗa labarinsa. Daga wani ƙauye yake a ƙasar Bichi. Ya biyo wani falke a 1963 yana saurayi, da niyyar kwana arba'in. Jarin da aka ba shi ya karye, kunyar komawa hannu rabbana ta hana shi tafiya, ya ce sai ya mayar da abin da ya rasa. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Dubban mutane suka tafi, cikinsu har da abokansa, shi kuwa ya riga ya yi aure, sai ya je ya laɓe wurin surukansa a arewacin ƙasar har ƙura ta lafa. A 1983 da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi daga Nijeriya, aka dawo da 'yan Gana kusan miliyan ɗaya, ya ce a wannan shekara ko sunan ƙasarsa ba ya so a ambata a gabansa. Ya yi gadi, ya sayar da goro, ya aurar da 'ya'ya.

Na tambaye shi, "Baba, duk shekarun nan ba ka taɓa sa ranar tafiya ba?"

Ya ce, "Ɗana, na sa ta ta fi sau hamsin. In an sha ruwa. In an yi layya. In yarinyar nan ta yi aure. Babu ranar da na ce na fasa komawa. Garin nan ba ya korar mutum, ba ya kuma ce masa zauna."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin a lokacin an yi ƙaramar Sallah da fiye da wata guda. Mun yi aikin azumi ba dare ba rana, mun je idi a filin 'yancin kai ga teku a gabanmu, na sami kuɗin da ban taɓa riƙe irinsu ba. Da kwana 90 ɗina suka kusa cika na je Lome ta iyakar Aflao na kwana biyu na dawo da sabon hatimi, na ce wa Alhaji sai bayan layya. Shi kuma ya fara yi mini maganar ya saya mini keken surfani mu riƙa raba riba, har ya ɗan gutsura mini zancen wata 'yar ƙanwarsa. Tayi ne na mutunci, kuma babu abin da ke jirana a gida sai mahaifiyata da jarrabawar da ta ƙi ni sau biyu.

Baba ya rasu a ƙarshen watan Agusta, kwanaki kaɗan bayan layya. Da ni aka yi masa sutura, aka kai shi a ranar, ba kamar maƙwabtanmu Ga da Tonawa ba da kan ajiye gawa makonni ana shirin biki. Mutane sun cika titi, domin mutum ne na jama'a. A zaman makoki babban ɗansa ya jawo ni gefe ya miƙa mini wata tsohuwar tasbaha da hoto da wata takarda da Baba ya sa aka rubuta, mai ɗauke da sunan ƙauyensu da na mahaifinsa da na unguwarsu. Ya ce, "Malam, mu ba mu san hanya ba. Baba ya ce in kai za ka tafi, a ba ka."

Ranar sadakar bakwai na je na durƙusa gaban Alhaji na ce masa zan wuce. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Keken yana nan in ka dawo." Ya biya ni haƙƙina har da ƙari.

Saƙon Da Na Kai

Na bar Ankara a Satumba, na bi ta Lome da Kwatano, na yi wata uku a Agege ta Legas, na isa gida a Janairun 2019. Bayan mako biyu na nufi ƙasar Bichi da takardar nan. Ban sha wahalar samun gidan ba. Iyayen Baba da sa'o'insa duk sun rasu, saura ƙanwarsa guda, tsohuwa tukuf. Ta riƙe hoton ta daɗe tana dubawa, ta ce mahaifiyarsu har ta bar duniya ba ta daina aikawa a tambayi fataken goro ba. Sannan ta kira wani magidanci mai furfura ta ce ɗanta ne, sunan Baba aka sa masa, domin a lokacin da aka haife shi an riga an fid da rai an yi wa Baba sadaka. Na kira babban ɗan Baba a waya na miƙa mata. Hausarsu ta sha bamban, suna yi suna cewa "me ka ce?", amma sun fi rabin sa'a suna magana.

Ba ina cewa duk wanda ya zauna a baƙon gari ya yi asara ba ne. Baba ya bar zuriya da suna mai kyau, kuma da irinsa aka gina Nima, kamar yadda aka gina Sabo ta Ibadan da ta Shagamu da sauran unguwannin da mu ɗaliban da ke karatu a Kudu muka sani. Abin da na ɗauko daga zaman nan shi ne, babban birni yana riƙe matafiyi ne da ƙananan abubuwa: aikin da bai ƙare ba, bashin da ake binsa ko yake bi, da mutanen da suka saba da shi. Wanda zai zauna ya zauna da saninsa, ya aika gida a san inda yake. Wanda zai tafi kuma ya sa rana ya cika ta.

Ga 'yan uwana masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, ina ba da shawarar a waiwayi Gananci da Hausar sauran zangunan Afirka ta Yamma, tun tsofaffi irin su Baba, waɗanda suka riƙe Hausar gida da ta zango a baki ɗaya, ba su ƙare ba. A nan zan dasa aya. Allah Ya jiƙan Baba, Ya saka wa mutanen Nima da alheri, Ya kuma mayar da kowane matafiyi ga iyalinsa lafiya.